Yadda Ake Kallon Zanen Yarinya na Masu Zanen Faransa na Farkon Ƙarni na 20

Yawancinmu a Birnin Kebbi, Argungu, Jega ko Yawuri ba a bangon gidan tarihi muke haɗuwa da zanen Turawa ba, a fuskar waya muke ganinsa yana wucewa tsakanin labarin siyasa da tallar atamfa. Daga cikin waɗanda suka fi yawo akwai zanen yarinya da aka yi a Faransa tsakanin 1900 da wajen 1920: yarinya zaune a kujera, ko tsaye jikin labule, wani lokaci da malafa mai faɗi, wani lokaci da 'yar tsana a cinya. Mai kallo yakan ce "kai, kamar hoto," ko kuma ya ce "wannan ai bai iya ba," sannan ya tura yatsa ya wuce. Waɗannan hukunce-hukunce biyu daga tambaya ɗaya suka fito, wato ko zanen ya yi kama da mai shi, alhali masu zanen wancan lokaci da yawa sun riga sun sauke wa kansu wannan nauyi. An bayyana fasahar ɗaukar hoto a Paris tun 1839, kuma a 1900 kamfanin Kodak ya fito da ƙaramar kyamarar Brownie a kan dala ɗaya, saboda haka wanda kamanni kawai yake nema yana da hanya mai sauƙi da arha. Wanda ya zaunar da yarinya kwana da kwanaki a gaban mai buroshi wani abu dabam yake nema, kuma tambayar da za ta buɗe maka zanen ita ce: me mai zanen ya zaɓa ya nuna, me ya bari, kuma saboda me?

Akwai maganar da mai karatu a wannan yanki zai so a taɓa tun da farko, wato hukuncin zana abu mai rai. Malamai sun yi bayani mai tsawo a kansa, kuma wanda yake da damuwa a zuciyarsa wurinsu ya kamata ya nufa. Wannan rubutu ya tsaya ne a kan yadda ɗalibi, ko malamin makaranta, ko mai sha'awar tarihi zai fahimci abin da yake gabansa idan ya ci karo da shi.

Aikin farko shi ne samun kwafi mai kyau. Hoton da ya bi ta hannun mutum goma a WhatsApp an matse shi har launinsa ya daskare, sawun buroshi ya ɓace, ga shi kuma yanzu akwai hotunan da kwamfuta take ƙirƙira a liƙa musu sunan wani mai zane da ya daɗe da mutuwa. Ka nemi zanen a shafin gidan tarihin da yake ajiye da shi, ko a Wikimedia Commons, ko a Google Arts & Culture. Gidajen Musée d'Orsay da Orangerie da ke Paris, da gidajen zane na Cleveland da Chicago a Amurka, duk suna saka hotunan kayansu a intanet tare da sunan mai zane, shekara, girma da lambar ajiya. Zanen da ba a faɗi inda yake ba, ba a kuma faɗi girmansa ba, ka yi masa kallon baƙon da ba a san asalinsa ba. Idan kana nema da Faransanci, kalmomin da za su kai ka su ne "jeune fille" da "fillette" don yarinya, "huile sur toile" na nufin fentin mai a kan ƙyalle, "vers" kuma a gaban shekara na nufin kimantawa aka yi. Ka sauke hoton mafi girma sau ɗaya lokacin da kake da data, domin za ka koma masa fiye da sau ɗaya.

Sannan ka gyara wayar kanta. Ka kashe tsarin nan na kare ido da yake mayar da fuskar waya ruwan ɗorawa, ka ƙara haske daidai gwargwado, ka shiga zaure ko ɗaki. Ranar Kebbi a watan Afrilu tana cinye duk wani launi mai laushi, kuma zanen da aka gina shi a kan bambancin ruwan toka da ruwan hoda ba zai nuna maka komai ba a tsakar gida da azahar.

Abin da waya take ɓoyewa fiye da komai shi ne girma, domin zanen da ya kai tsayin ƙofa da wanda bai wuce littafin rubutu ba duk tafin hannu ɗaya suke zama a cikinta. Ka duba awon da aka rubuta, a bisa al'ada tsayi ake fara faɗi sannan faɗi, ka ari tef ɗin tela, ka zana murabba'in a bango da alli. Zane mai santimita 65 da 54, wanda yake awo ne da aka saba sayarwa a shagunan kayan zane na Faransa, yakan ba da fuska kusan daidai da ta mutum, wato an yi shi ne don a rataye a ɗakin zama a riƙa haɗa ido da shi kullum. Babba mai nuna yarinya daga kai har ƙafa yawanci an yi shi ne don baje koli ko don falon mai hali, kuma wannan kaɗai ya fara gaya maka wanda aka yi domin shi.

Daga nan sai kallon kansa, kuma shawarata ita ce kada ka karanta labarin zanen tukuna. Ka ba shi minti biyar kana shiru, ka lura da inda idonka ya fara sauka da inda ya bi daga nan, domin mai zane ne ya shimfiɗa wannan hanya da gangan: wuri mafi haske kusa da wuri mafi duhu, ko ja guda ɗaya a tsakiyar launuka masu sanyi, ko layin hannu da yake jan ido ya mayar da shi fuska.

A kan idon yarinyar ne mai kallo Bahaushe ya fi saurin yin kuskure, kuma nan ya cancanci a daɗe. Mun tashi da sanin cewa yarinya mai tarbiyya takan sunkuyar da kai a gaban babba, wadda ta ƙura masa ido kuwa a ce tana da tsaurin ido. Idan muka ɗauki wannan ma'auni muka ɗora a kan zanen Faransa, za mu yi wa yaran mutane ƙazafi. Yarinyar da take kallonka kai tsaye, mai zane ne ya ce ta kalle shi kada ta motsa, kuma ta yi haka sa'o'i, a zama da yawa. Abin da za ka nema a fuskarta ya fi kunya da rashin kunya yawa: gajiyar zama wuri ɗaya, haƙurin wadda aka yi wa alkawarin alewa, sabo idan mai zanen mahaifinta ne, ɗari-ɗari idan baƙo ne. Wadda aka zana tana kallon gefe ko tana duba littafi, ita ma ba lallai kunya take ji ba. Sau da yawa dabara ce ta sa yaro ya zauna lafiya, kuma tana ba mai kallo jin kamar ya leƙo ne ba a san da shi ba. Ka rufe rabin fuskar da yatsa ka kalli ɗaya rabin, sannan ka sauya. A zane mai kyau da wuya ɓangarorin biyu su faɗi magana ɗaya, wani idon ya fi buɗewa, wani gefen baki ya ɗan faɗi, kuma wannan rashin daidaito ne yake sa fuska ta yi rai. Bayan fuska ka sauka kan hannuwa, domin yaro yana iya riƙe fuskarsa yadda aka umarce shi amma yatsunsa su tona shi, ko sun dunƙule, ko suna murza gefen riga, ko sun saki jiki a cinya.

Haske shi ne na gaba. Ka gano ta inda yake shigowa ta hanyar duba gefen hancin da yake da inuwa, sannan ka buɗe hoton sosai a kan wannan inuwa ka tambayi kanka launinta. Masu zanen makarantar gargajiya sukan yi ta da ruwan ƙasa mai duhu. Pierre-Auguste Renoir da abokansa sun lura cewa inuwa a kan fata ko farin tufa tana ɗaukar shuɗi da shunayya, suka zana ta haka. Henri Matisse ya wuce nan, domin a 1905 ya zana matarsa da koren layi daga goshi zuwa hanci, kuma a baje kolin kaka na wannan shekara a Paris wani mai sharhi ya kira shi da abokan tafiyarsa namun daji saboda zafin launinsu. Idan ka ga kore a kumatun yarinya, kada ka yi saurin cewa fenti ne ya ƙare masa. Ka mayar da hoton baƙi da fari a wayarka, sau da yawa za ka tarar koren ya zauna daidai inda inuwa ya kamata ta kasance, da nauyin da ya dace, kuma fuskar ta tsaya da kyau.

Mai sayen hula a kasuwar Jega ba ya tsayawa a kan kyan zanenta daga nesa, yakan matso da ita kusa da ido ya bi zaren, har ya juya cikinta, don ya rarrabe aikin hannu da na keke ya kuma gane hannun da ya yi ta. Haka za ka yi da sawun buroshi. William-Adolphe Bouguereau, wanda ya rasu a 1905, yakan goge sawunsa har fatar yarinya ta fito sumul ba ka ganin inda gashin buroshi ya bi. Renoir a shekarunsa na ƙarshe, lokacin da amosanin gaɓɓai ya nannaɗe masa yatsu har sai an sanya masa buroshi a hannu, yana shafa fenti marar kauri a hankali, ja da ruwan hoda da ruwan goro, gefen fuska yana narkewa cikin abin da yake bayanta ba tare da layi ba. Ya ci gaba da aiki a haka a gidansa na Cagnes, kudancin Faransa, har rasuwarsa a 1919. Mary Cassatt, Ba'amurkiyar da ta yi yawancin rayuwarta a Faransa, ta yi zanen 'yan mata da yawa da manyan malafu a farkon ƙarnin, kuma a aikinta na alli mai launi za ka ga ta gama fuska tsaf amma ta bar riga a zane-zanen gaggawa. Ba kasala ba ce, tana gaya maka ne inda take so ka tsaya. Ka riƙa yin gaba da baya, ka buɗe hoton har ya zama tabon fenti, sannan ka ajiye wayar nesa ka ƙanƙance ido, ka ga yadda tabon ya koma kunci.

Sai bayan wannan ne tufafi da tarihi za su yi maka amfani. Tambaya mafi muhimmanci a nan ita ce wa ya biya kuɗin aikin, kuma amsar takan zama ɗaya daga uku: iyaye masu hali ne suka sa a zana 'yarsu, ko mai zanen ne ya zana tasa, ko kuwa ya ɗauki 'yar unguwa ya biya ta ladan zama don ya sayar wa wanda bai san ta ba. Na farko yakan zo da leshi, da gashi a gyare, da cikakken sunan yarinya har da na gidansu. Na uku yawanci ba shi da suna, sai dai a ce "yarinya mai shuɗiyar riga." Bouguereau ya yi suna da zanen 'yan matan ƙauye marasa takalmi, attajiran Amurka kuma sun saye su da yawa. Gwanintar hannunsa ba abin musu ba ce, amma duk wanda ya san ƙafar yarinyar da take zuwa rijiya ko take bin awaki a fadamar Argungu zai kalli waɗannan tsaftatattun ƙafafu marasa kaushi ya gane cewa talaucin da aka zana na ado ne, an wanke shi don ya dace da falon mai saye. A ganina wannan ilimi ne da mai kallo daga nan yake da shi fiye da yawancin masu ziyartar gidajen tarihi na Turai, kuma bai kamata ya ji nauyin amfani da shi ba.

Littafi a hannun yarinya yana da nasa tarihin, domin dokar 1882 ta wajabta karatun firamare a Faransa ga yara maza da mata daga shekara 6 zuwa 13, saboda haka yarinya mai karatu a zanen 1905 'yar zamaninta ce. Farar riga da farin mayafi kuma sukan nuna wani bikin coci na Katolika da ake yi wa yara, ba aure ba. Ka kuma tabbata cewa yarinyar yarinya ce. Renoir ya bar wa 'ya'yansa maza dogon gashi suna ƙanana, kuma akwai zanensa a Chicago na wani yaro mai dogon gashi da ribom yana ɗinki, wanda kowa zai rantse mace ce, alhali ɗansa Jean ne, wanda daga baya ya zama sanannen mai shirya fim.

Bari mu gwada duk wannan a kan zane guda, wanda Matisse ya yi wa 'yarsa Marguerite a tsakanin 1906 da 1907, zanen kuma yana gidan tarihin shahararren mai zane Pablo Picasso a Paris. Girmansa kusan santimita 65 da 54 ne. Kallon farko zai iya sa ka ce aikin ɗan firamare ne: bayanta fili ne kawai babu ɗaki babu taga, rigarta kore ce shimfiɗe ba ninki, gashi baƙin dunƙule, an kuma rubuta sunanta a sama da manyan haruffa masu karkata kamar na mai koyon rubutu. Fuskar tana fuskantarka, amma hancin an ja shi kamar daga gefe ake ganinsa. Mutumin da ya yi wannan ya shafe shekaru yana kwaikwayon manyan zane-zane a gidan tarihin Louvre, ya san yadda ake zana hanci sarai, saboda haka sauƙin nan zaɓi ne, kuma an san yana kallon zanen da 'ya'yansa suke yi a gida da idon basira. Da ya cire inuwa da ado, sai abin da ya rage ya yi nauyi, wato idanu biyu masu duhu da siririn baƙin ƙyalle a wuya. Idonka zai riƙa kai da komowa tsakanin su biyun ko ba ka san dalili ba. Dalilin kuwa shi ne, an haifi Marguerite a 1894, mashaƙo ya kama ta tana ƙarama, aka yi mata aikin gaggawa a maƙogwaro don ta samu numfashi, kuma wannan ƙyalle tabon aikin yake rufewa. Ya bayyana a zane-zanenta da yawa na shekarun da suka biyo baya. Duk gidan da ya ga abin da mashaƙo ya yi wa yara a arewacin Najeriya a 2023 ya san irin daren da mahaifinta ya gani. Matisse da Picasso sun yi musayar zane a 1907, wannan ne Picasso ya zaɓa, ya kuma riƙe shi har mutuwarsa a 1973.

Ka lura da amfanin jinkirta labarin: da ka fara da shi, da tausayi kawai za ka gani, ba za ka lura da yadda baƙin wuya yake amsa baƙin gashi ya riƙe fuskar a tsakiya ba. Akwai kuma iyaka ga abin da labari zai iya yi. A 1944 'yan sandan asirin Jamus sun kama Marguerite saboda aikinta da masu gwagwarmayar ƙwato Faransa daga mamayar Jamus, suka azabtar da ita, ta kuma tsira ta rayu har 1982. Mai sha'awa zai so ya ce jarumtar tana nan a idonta tun tana 'yar shekara 12, amma mahaifinta bai san gaibu ba, abin da ya gani a gabansa ya zana.

Wannan sauƙaƙa fuska yana da alaƙa da nahiyarmu. A shekarun da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903, Faransawa kuma suna kafa mulkinsu a ƙasar da take hayin iyakarmu ta Kamba, wato Nijar ta yau, sassaƙe-sassaƙen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya suna isa Paris ta hannun sojoji, 'yan kasuwa da ma'aikatan mulkin mallaka. Matisse ya sayi wani ƙaramin sassaƙe na yankin Kongo a 1906 ya nuna wa Picasso. Amedeo Modigliani, ɗan Italiya da ya zo Paris a wannan shekara ya kuma mutu a can a 1920, ya ɗauki doguwar fuska, siririn hanci da idanu masu siffar ƙwallon dabino daga abubuwa da dama, ciki har da irin waɗannan sassaƙe-sassaƙe. Idan ka ga yarinyarsa da dogon wuya, har wani lokaci ido babu ƙwaya, ka auna ta da ma'aunin mai sassaƙa, ka duba yadda layi ɗaya yake gangarowa daga kunne zuwa kafaɗa ba tare da ya karye ba.

Ido ba ya koyo da zane ɗaya, sai an jera biyu. Ka ajiye Marguerite kusa da zanen Modigliani mai suna Alice, na wajen 1918, wanda yake gidan zane na ƙasar Denmark a Copenhagen: ita ma an rubuta sunanta a sama, tana sanye da shuɗiyar riga da ƙaramin gicciye a wuya, hannuwanta a haɗe a cinya. Ko ka ajiye ta kusa da Violette Heymann ta Odilon Redon, ta 1910, da ke Cleveland, wadda aka yi da alli mai launi, faɗinta ya fi tsayinta, yarinyar tana kallon gefe furanni suna shawagi a gabanta ba tukunya ba reshe. Ka ɗauki takarda ka rubuta abin da ka gani kawai, ba abin da ka ji ba, kamar "inuwar wuya shuɗiya ce" ko "hannun hagu ba a gama shi ba," sannan a ƙasa ka rubuta abin da kake tsammani ya sa aka yi haka. Malamin da yake son nuna wa ɗalibai a aji ya fi kyau ya zagaya da waya ko kwamfuta daga benci zuwa benci maimakon ya buga a shagon kwafi, domin injinan buga takarda na kasuwa sukan ƙara ja su kashe ruwan toka, kuma zanen irin na Marie Laurencin, wadda kusan duk aikinta a kan toka da hoda da shuɗi mai haske yake, zai fito kamar tsohuwar kalanda. Idan dole sai an buga, a rubuta ainihin awon zanen a ƙasan takardar, a kuma zana murabba'insa a allo kafin a fara darasi.